Fataucin Shanu zuwa Agege

Fataucin shanu zuwa Agege hanya ce ta kasuwanci da ke haɗa kasuwannin dabbobi na Arewa, irin su Potiskum da Maigatari da Wudil, da mayankar Oko-Oba da ke Agege, babbar mayankar Jihar Legas. Layin dogo da ya haɗa Legas da Kano a 1912 ya ƙarfafa zaman Hausawa a Agege, inda suka shahara da cinikin goro. Yau a tirela ake kai shanun, 'yan rakiya na zaune a kan katako bisa kawunansu, suna tayar da duk wadda ta kwanta don kada a tattake ta.

Ƙashin bayan harkar shi ne amana. Maigida ke sauke bafatake, dillali ya daidaita ciniki, mahauci ya karɓi sa bashi, maigidan kuma ya tsaya masa. Abner Cohen ya bayyana wannan tsari a littafinsa na 1969 kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan. Yaro kan koyi aikin ne a hannun ubangida, ba da takardar digiri ba.

A Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, fatake sun dakatar da kai kaya Kudu, nama ya yi tsada a Legas.