Tarihin Filin Liberty na Ibadan: Daga Damben Dick Tiger Zuwa Yau

Jama'a da dama daga cikin yaranmu na Sabo da Ojoo da Shasha in ka ce musu filin ƙwallo a Badun, Adamasingba kawai suka sani. Ba laifinsu ba ne, nan ne kusa da gida, nan kuma ake buga wasa yanzu. Amma akwai babban yayansa can Oke-Ado, kusa da Ring Road, wanda a hukumance ake kira filin Obafemi Awolowo, mu kuwa har gobe Liberty muke ce masa. Tarihinsa nake so in ɗan gutsura muku.

An buɗe filin ne a 1960, shekarar da Najeriya ta samu 'yancin kai, daga nan ma sunan ya fito, don ma'anar Liberty ita ce 'yanci. Gwamnatin Jihar Yamma ce ta gina shi a lokacin da koko ke kawo kuɗi. Aikin na cikin jerin abubuwan da Awolowo ya ɗauko yana Firimiya, irin su ilimin firamare kyauta a 1955 da gidan talabijin na WNTV a 1959. Sai dai kafin a buɗe shi Awolowo ya koma majalisar tarayya a Ikko, Akintola ne ke kan kujera. Ban da filin ƙwallo, an yi masa hanyar tsere kewaye da ciyawar, ga zauren wasannin cikin ɗaki da wurin ninƙaya.

Za ka ji mutanen gari na bugun ƙirji cewa shi ne filin wasa na farko a Afirka. Ni dai ban yarda da wannan ba. Filin Iskandariya na Masar tun 1929 yake, na Onikan da ke Ikko ma ya girme shi. Abin da ba a musu a kai shi ne, a zamaninsa babu irinsa a ƙasar nan.

Ranar da sunan Liberty ya zaga duniya kuwa ba ƙwallo aka buga ba, dambe aka yi. Richard Ihetu, wanda aka fi sani da Dick Tiger, ɗan Amaigbo ta ƙasar Ibo, ya ƙwace kambun duniya na matsakaicin nauyi daga hannun Ba'amurke Gene Fullmer a San Francisco a 1962. Suka sake haɗuwa a Las Vegas farkon 1963, aka yi canjaras. Karo na uku sai aka kawo shi gida, ranar 10 ga Agustan 1963. A lokacin Jihar Yamma na cikin rikicin siyasa, Awolowo na tsare ana yi masa shari'a, amma duk da haka filin ya cika maƙil don a ga ɗan Gabas ya kare kambu a ƙasar Yarbawa. Tiger ya yi wa mutumin nan lilis, bayan turmi na bakwai aka tsayar da wasa, kuma Fullmer bai ƙara shiga dambe ba har abada. Ku lura fa, wannan shekara 11 ke nan kafin Muhammad Ali da Foreman su gwabza a Kinshasa a 1974, damben da kowa ya sani alhali namu ya riga shi.

A harkar tamaula, Liberty ne gidan IICC Shooting Stars a zamanin da suke tashe, zamanin su Segun Odegbami da Muda Lawal da mai tsaron gida Best Ogedegbe. Su ne kulob na farko a Najeriya da ya ɗauko kofin nahiya, a 1976, bayan sun doke Tonnerre ta Yawunde. Shekara na zagayowa suka haɗu da Rangers ta Inugu a wasan kusa da na ƙarshe na wannan kofin, gaba ta yi zafi har aka ɗauke karawa ta biyu aka kai Kaduna. Can Rangers ta fitar da su a bugun fenareti. Dattawanmu da suka ga zamanin har yanzu in aka tuno musu sai gardama ta tashi.

A 1979 Ibadan ta karɓi bikin wasannin ƙasa da aka yi wa laƙabi da Oluyole '79. A 1980 kuma, da Najeriya ta ɗauki nauyin gasar cin kofin Afirka, garuruwa biyu ne kacal aka yi wasa, Ikko da Ibadan. A Liberty rukunin su Aljeriya da Maroko da Gana da Gini ya fafata, a nan ne kuma Aljeriya ta cire Masar da fenareti ta kai wasan ƙarshe. Da ta je Surulere ranar 22 ga Maris sai ta sha kashi 3 da nema, kuma dukkan ƙwallayen 'yan Shooting Stars ne suka ci, Odegbami biyu, Muda ɗaya. Shugaba Shagari ya miƙa wa Christian Chukwu kofi.

Babbar gasa ta ƙarshe da filin ya gani ita ce ta duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 1999, inda Ibadan ta shiga cikin garuruwa takwas tare da su Kano da Kaduna da Bauchi. Daga nan fa sai shiru. Gasar Afirka ta 2000, wasannin da aka buga a Najeriya Ikko da Kano aka yi su. Ta 'yan ƙasa da 17 a 2009 kuwa aka tsallake Ibadan aka ba Ijebu-Ode. A Nuwamban 2010 Shugaba Jonathan ya sauya masa suna zuwa na Awolowo, amma sauyin suna bai gyara ko kujera ɗaya ba.

A ganina tushen matsalar shi ne mallaka. Liberty na hannun gwamnatin tarayya, Abuja kuma nesa take. Jihar Oyo tana da nata, wato Lekan Salami da aka buɗe a 1988 a tsohon filin sukuwa na Adamasingba, maƙwabcin Sabo, kuma shi gwamnatin Seyi Makinde ta gyara ta sake buɗewa a 2021. Shooting Stars can suka koma. Liberty kuwa, wanda ake lissafa masa mutum 25,000, ya jima ba a kawo masa babban wasan ƙasa da ƙasa ba, galibi sai masu motsa jiki da yaran unguwa masu atisaye.