Shekarun Majinyaci a Tarihin Sauya Gwiwa

A shekarar 1890, zamanin da fatake Hausawa ke safarar hauren giwa daga ƙasar Adamawa, wani likitan fiɗa a ƙasar Jamus, Themistocles Gluck, ya sassaƙa gwiwa da haure, ya dasa wa wata yarinya 'yar shekara 17. Aikin bai ɗore ba, domin ƙwayoyin cuta sun lalata wurin. Tun daga nan likitoci suke fama da tambaya ɗaya: shekara nawa gwiwar aro za ta yi a jikin mutum?

Gwiwar da aka sani a yau ta samo siffarta ne a 1974, lokacin da John Insall da abokan aikinsa a Amurka suka haɗa ƙarfe da roba mai tauri. Sai dai roba tana zaizayewa da yawan amfani. Saboda haka aka fi keɓe aikin ga dattawa, ana shawartar masu ƙuruciya da su jinkirta, don kada gwiwar ta riga su tsufa.

Bincike ya zo ya auna wannan fargabar. Mujallar Lancet ta nuna a 2017 cewa wanda aka yi wa aikin bayan ya haura 70, yiwuwar a sake buɗe shi kusan kashi 5 ne cikin 100, amma ga namiji ɗan shekara 50 zuwa 54 yakan kai kashi 35. A 2019 kuma ta nuna cewa kashi 82 na irin waɗannan gwiwoyi suna kai shekara 25.

A Garwa da sauran arewacin Kamaru, wannan lissafi yana da nauyi. Manomin auduga ko ɗan acaɓar da haɗari ya lalata wa gwiwa yana ɗan shekara 45, yana da sauran shekarun aikin ƙarfi a gabansa. Fiɗa ta biyu kuwa ta fi ta farko wuya da tsada, ga shi iyali ne ke biya. Dattijo kuma, wanda sau da yawa ba shi da takardar haihuwa, lafiyar zuciyarsa da hawan jini da ciwon suga ake dubawa kafin a yanke hukunci. Ɗan shekara 80 mai ƙoshin lafiya yana iya cancantar fiɗar fiye da ɗan 60 da ciwon suga ya ci ƙarfinsa.