A Rubuta wa Yaranmu Labarin Zuwanmu Nguru da Gashuwa

Duk wanda ya yi firamare a cikinmu, ko ya zauna kusa da wanda ya yi, ya san Ganɗoki. Malam Bello Kagara ne ya rubuta shi, a gasar da Rupert East ya shirya a 1933, aka buga a 1934 tare da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. To, Ganɗoki dai ƙagaggen mutum ne, amma yaƙin da Turawa suka yi da Kwantagora a 1901 gaskiya ne, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse kuma an yi shi. Haka Shaihu Umar: yaron ƙirƙira ne, amma fataucin bayi ta hanyar Sahara ba tatsuniya ba ce. Dabarar ke nan. A ɗora gaskiya a bayan labari mai daɗi, yaro ya haɗiye ta bai sani ba. Da yawa daga cikinmu a nan muka fara jin sunan Nagwamatse, ba a darasin tarihi ba.

Abin da ya sa muka kawo wannan magana shi ne, yaranmu na Hausari a Nguru da na unguwar Sarkin Hausawa a Gashuwa ba su da irin wannan littafi game da ƙasar da aka haife su. Ka tambayi ɗan shekara goma me ya kawo kakansa nan, sai ya ce, "Kasuwa." Wace kasuwa? Yaushe? Da ƙafa ko a jirgi? Shiru. Ran da wani ya ce masa baƙo a makaranta, ko dai ya yi kuka ko ya yi dambe, don ba shi da amsa.

Alhali kuwa labari na nan jibge. Farko dai, a gaya wa yaro cewa ba mu muka sari garin ba. Tun ɗaruruwan shekaru kafin jirgi, Nguru mazaunin Galadiman Barno ne, wanda ke tsare wa daular iyakarta ta yamma, wato ɓangaren da ke fuskantar ƙasar Hausa. Mangawa da Barebari muka tarar. A can ƙasar Bade kuma, Lawan Babuje ne ya haɗa kan Badawa a ƙarni na 19, ya gina ganuwar Gogaram don su tsira daga hare-haren maƙwabta. Sai a 1946 aka dawo da hedkwatar masarautar Gashuwa. Marubucin da zai ɓoye wannan don ya faranta mana rai, cutar yaranmu zai yi, domin abokansu Badawa sun san nasu, za su ƙaryata su a bainar jama'a.

Namu babin mai kauri ya soma ne da reluwe. Ba wai kafin nan babu Bahaushe a wannan yanki ba. Fatake sun daɗe suna ratsawa da jakuna, suna sayen kanwa da mangul, malamai kuma suna wucewa gabas neman karatun Alƙur'ani. Amma waɗannan masu wucewa ne galibi. Jirgi ya iso Kano a 1911, sannan aka ja reshe ta Ringim da Malam Madori har ya dire Nguru a 1930. A nan dogo ya ƙare. Wannan ƙarewar ita ce arzikin garin, don duk kayan da ya fito daga arewacin Barno da ƙasar Faransa, wato Nijar ta yau, dole a nan za a sauke shi a loda a tarago. Gyaɗa, ƙaro, fatu da ƙiraga, auduga, shanu a tsaye, da busasshen nama da bandar kifi da ake kaiwa kudu. Kamfanonin Turawa da Kwarori suka buɗe kantuna suka kafa sikeli. Su kuma suna bukatar 'yan kamasho, da dillalai, da masu ɗinkin buhu, da lebura. Mahauta suka biyo shanu, maɗinka da wanzamai da masu tuwo suka biyo mahauta. Kanawa, Haɗejawa, Gumalawa, Katsinawa, Daurawa, Damagarawa, kowa da mai masaukinsa. Gashuwa kuma ta samu nata rabon ta hanyar mota da kogin Yobe, musamman bayan ta zama mazaunin sarki.

Yanzu ku dubi wannan da idon mai ba da labari. A ɗauki yaro almajiri, a ce sunansa Ɗanliti, ya biyo kawunsa ɗan kamasho daga Ringim a shekarar da jirgi ya fara zuwa. Bai taɓa ganin raƙuma ɗari a wuri ɗaya ba. Bai iya Barbarci ba, har aka yi masa dariya a bakin rijiya. Ya yi aboki Bamange da ya koya masa gane ƙaro mai kyau da wanda aka cakuɗa da ƙasa. Wata rana ya ga ana danne sikeli ana cutar manomi, kuma kawunsa ne mai awon. Zai faɗa ko zai yi shiru? Wallahi yaro ba zai ajiye wannan littafi ba sai ya ga ƙarshensa, kuma zai tashi ya san shekarar 1930, ya san me ake nufi da ƙarshen dogo. Mu 'yan kasuwa mun san danne sikeli ya faru, ba sai mun yi ta rantse-rantse ba, kuma ya kamata ya shiga littafin.

Wahala ma ta shiga. Farin 1973 ya karya gyaɗa, ya kashe dabbobi, ya cika garuruwanmu da masu neman abinci daga arewa. Aka gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992, ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suka saba samu ta canza, daga baya kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa suka ji a jikinsu. A tsakani kuma, ranar 27 ga Agusta 1991, aka cire Yobe daga Barno, muka wayi gari a sabuwar jiha. Kowane ɗaya daga waɗannan ya isa littafi guda.

Inda gizo ke saƙa shi ne, waɗanda suka ga zuwan jirgin farko sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Saura 'ya'yansu, su ma sun haura tamanin. Tsofaffin mata musamman, su ne suka riƙe sunayen masu masauki, da farashin tiya, da wanda ya auri 'yar wa. Ba ma ganin laifin littattafan soyayya da suka cika kasuwa tun shekarun 1980, sun koya wa mata da yawa karatun boko. Amma a cikin malaman makarantarmu da ɗalibanmu na jami'ar Gashuwa ba za a rasa mai alƙalamin da zai juya ga wannan ba.

Don haka muna roƙon kowane gida ya zaunar da tsohonsa, a ɗauki maganarsa a waya, a rubuta garin da kakan gidan ya fito, da sana'ar da ta kawo shi, da sarkin da ya tarar. A miƙa wa sakataren ƙungiya kafin taro na gaba. Kuɗin takarda da bugu kuwa, mu 'yan kasuwa mun ɗauka.