Oghma Infinium da Makomar Mai Ilimi a Wasan Skyrim

A cikin Skyrim, wasan kwamfuta da kamfanin Bethesda ya fitar a 2011, akwai ɗaruruwan littattafai da ɗan wasa zai iya buɗewa ya karanta: tarihin sarakuna, labaran yaƙi, har da wasan kwaikwayo. Amma littafin da ya fi kowanne daraja, Oghma Infinium, ba shi da nassin da za a zauna a bi layi-layi. Hujjar wannan maƙala ita ce, wannan giɓi ya tona yadda wasan ya ɗauki ilimi da mai nemansa.

Bisa tatsuniyar wasan, Xarxes, magatakardan abin bauta Auri-El, shi ya rubuta littafin da ilimin da ya samo daga Hermaeus Mora, aljanin sani da ƙaddara. Hanyar samunsa tana bi ta hannun Septimus Signus, wani malami da ya tare a kogon ƙanƙara arewa da garin Winterhold, bayan nazarin tsofaffin takardun Elder Scrolls ya taɓa masa hankali. A gabansa akwai wani ƙaton akwatin ƙarfe na mutanen Dwemer, wanda ya yi imani zuciyar abin bauta Lorkhan ce a ciki. Sai ya aiki ɗan wasa ya ɗebo masa jinin ƙabilu 5 na jinsin Mer domin a buɗe kullen. Da akwatin ya buɗe, littafi ne kawai a ciki, bangonsa kamar fatu daban-daban da aka ɗinke. Nan take Septimus ya zama toka.

A nan ya kamata a dakata. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana bincike, wanda har rubutunsa yana ajiye a ɗakin karatun kwalejin Winterhold, shi aka hallaka. Ɗan aiken da bai san hawa ba bai san sauka ba, shi ya ɗauki littafin. Ya danna maɓalli, aka ba shi zaɓin tafarki 3: ƙarfi, ɓoyo ko tsafi. Kowanne yana ƙara maki 5 a kan fasahohi 6, sannan littafin ya ɓace. Wasan ya yi ta gargaɗin cewa ilimin Mora yana da tsada, amma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani zai ce ai wasa ne, dole a saka wa mai wasa. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar hujja ba ce. Sai dai Bethesda da kansa ya nuna akwai wata hanya: a ƙarin Dragonborn na 2012, buɗe Baƙaƙen Littattafan Mora yana jefa mutum cikin Apocrypha, duniyar Mora, inda sai ya sha wuya kafin ya sami lada. Ko a can ma, wuyar ta faɗa ce da dodanni, ba ta fahimta ba.

Wannan siffa ta ilimin da ke haukata mai nemansa tana da asali. Marubucin Amurka H. P. Lovecraft ya ƙago littafin Necronomicon a shekarun 1920, ya jingina shi ga wani Balarabe da ya kira mahaukaci, Abdul Alhazred. Daga nan littafin asiri mai haukata mai karatu ya bazu a adabi da wasanni, kuma abin yana ci mini rai, domin rubutun Larabci aka mayar alamar tsoro.

Mai karatun Hausa ya san littattafan asiri na gaske. Ya san Shamsul Ma'arif da ake jingina wa al-Buni, kuma Muhammad al-Kashinawi, ɗan Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan hatimai da lissafinsu. Malamai da yawa sun haramta wannan fanni, wasu sun riƙe shi. Amma ko masu riƙonsa suna cewa haɗarin yana kan wanda ya buɗe kundi ba malami, ba izini. A wurinsu shekarun zama gaban malami su ne kariya. Skyrim ya juya wannan tsari: shekarun da Septimus ya yi yana nazari su ne suka kai shi ga hauka da toka.