Babban Harafi, Ƙananan Haruffa: Gwajin Navon da Majinyacin Damagaram

Tun da David Navon ya fito da gwajinsa a 1977, wato babban harafi da aka gina da ƙananan haruffa, ake ɗauka cewa lafiyayyen mutum siffar abu dungurungum yake fara kamawa kafin ya kula da sassanta. Delis da Robertson da Efron (1986) suka nuna yadda raunin ƙwaƙwalwa ke ɓata tsarin: wanda ɓarin dama na ƙwaƙwalwarsa ya taɓu yakan zana ƙananan haruffa a warwatse, babban ya ɓace masa, wanda na hagu ya taɓu kuwa babban yake zanawa, babu ƙananan. Ba ni da ja a nan.

Inda nake jayayya shi ne da masu cewa a ɗauko gwajin yadda yake a auna masu shanyewar ɓarin jiki a asibitocinmu, irin babban asibitin ƙasa na Zinder, duk wanda ya karkata ga ƙananan siffofi a ce ɓarin dama na ƙwaƙwalwarsa ne ya taɓu. To, da wa aka gwama shi? Dattijon unguwar Birni da ya tashi a kan allo, idonsa ga ɗigo ya saba. A rubutun Warshu, ɗigo ɗaya a ƙasa fa ne, ɗaya a sama ƙaf ne. Kuskurensa kuwa bulala ce a tsangaya. Haka baduku da ke bin layin ɗinki a jan fata, da mai aikin hula. A ganina, kuma da wuya in sauka daga kai, irin wannan ido ba lalle ya fara da babbar siffa ba ko da ƙwaƙwalwa lafiya lau take.

Za a ce a bar haruffan boko a koma siffofi, tunda su Delis ma sun yi amfani da alwatika da aka gina da ƙananan murabba'ai. Hujja ce mai ƙarfi, amma ba ta kai ba. Davidoff da Fonteneau da Fagot (2008) siffofi suka nuna wa Himba na arewacin Namibiya, lafiyayyu, sai ga su sun fi karkata ga ƙananan. Ashe ba harafi kaɗai ne matsalar ba, har da inda ido ya girma.

Sai dai dole in taƙaita da'awata. Majinyacin da aka ba alƙalami ya watsa ƙananan siffofi a takarda ba tsari, wannan rauni ne a Zinder kamar yadda yake rauni a Amurka. Al'ada ba ta kai nan. Inda nake tsayawa shi ne awon saurin amsa a gwajin, inda bambancin bai kai daƙiƙa ba. Himba ba Damagarawa ba ne, kuma zancen allo hasashe ne. Kafin a yanke wa majinyaci hukunci da wannan awo, sai Jami'ar André Salifou ta fara auna lafiyayyun sa'o'insa, ɗan boko daban, mahaddaci daban, manomin Mirriya daban.