Asalin Tsumburbura

Tun kafin a san sarauta a Kano, an ce wani maharbi baƙo ya sauka a kan wani dutse, ya yi bukka, ya zauna. Sunansa Dala, kuma shi ya ba dutsen suna. Ya haifi 'ya'ya bakwai, maza huɗu mata uku. Babban ɗansa Garageje, shi ne kakan Buzame, Buzame kuwa ya haifi Barbushe.

Abin da Dala ya bari gado ba gona ba ne, ba shanu ba. Asirin Tsumburbura ne, gunkin da ke zaune a wata bishiya da ake kira Shamuz, wadda aka kewaye da katanga. Duk zuriyar, Barbushe ne ya fi riƙe asirin, ƙato ne mai ƙarfin da har ake cewa yakan kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Ba ya saukowa daga dutsen sai kwana biyu a shekara. Ranar, mutane sukan zo daga gabas da yamma, wannan da baƙin kare, wancan da baƙar kaza, wani yana jan baƙin bunsuru. Da dare ya yi sai ya sauko da makaɗa, a yi yanka, ya shiga cikin katangar shi kaɗai. Wanda ya bi shi ciki, an ce, ba ya fitowa da rai. Idan ya fito sai ya faɗi abin da shekara za ta zo da shi. A irin wannan dare ne, in ji masu tarihi, ya faɗi labari mara daɗi cewa baƙo zai zo ya mallake su. Baƙon shi ne Bagauda, wanda ya zo wajen shekarar 999.

Ba a rana ɗaya bautar Tsumburbura ta mutu ba. Sarki Tsamiya ya rushe katangar. Zamanin Sarki Yaji Wangarawa suka zo daga Mali, aka yi masallaci a gindin bishiyar. Amma tsohon hali wuyar bari gare shi: daga baya sarakuna suka riƙi Dirki, Alƙur'ani ne da aka naɗe da fatu, ana yi masa yanka kamar yadda kakanni suka saba.

Sarki Alwali ne ya sa aka fasa Dirki da gatari. Shi ne kuma sarkin Haɓe na ƙarshe a Kano.