Zamfarawa Da Baƙuncin Jama'ar Shehu

Duk wanda ya taɓa bin gidajen 'yan'uwa da abokai don tara kuɗin ginin masallaci, ko na makaranta, ko na jinyar wani majinyaci, ya san aikin nan da wuya. Ran farko a kan tarye shi da fara'a. Ran na biyu a ba shi, amma fuska ba walwala. Ran na uku sai yaro ya fito ya ce mai gida ba ya nan, ga kuwa takalmansa a bakin zaure. Ba kullum rowa ce ke jawo haka ba. Mai neman gudummawa wurin wanda ya sani, mutuncin da ke tsakaninsu ya ke ɗiba. Mutunci kuwa kamar rumbu ne, in ana ɗiba ba a zubawa sai ya ƙare. Tarihin ƙasar Zamfara, watau inda Anka da Gummi da Bukkuyum su ke, ya nuna wannan a fili.

Tun kafin jihadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, ya san Zamfara, Zamfara ta san shi. Ya yi wajen shekara 5 yana yawon wa'azi cikinta, shi da ƙanensa Abdullahi, har ya zauna a Faru. A zamanin nan Zamfarawa ba su da ƙarfi, don tun wajen 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Gobirawa suka kafa Alƙalawa, sarautar Zamfara ta watse cikin garuruwa.

Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ran Sallar Layya, ya yi musu kyauta. An ce an miƙa wa Shehu zinariya miskali 500, ya ƙi karɓa. A maimakonta sai ya roƙi abu 5: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki waɗanda ke ɗaure, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya yarda. Masu tarihi sun ce cikin waɗanda aka saki har da Abarshi, ɗan gidan sarautar Zamfara. Ta haka Shehu ya sami mutunci wurin Zamfarawa wanda zinariya ba ta sayensa. Alheri gadon barci ne.

Ana nan, sai al'amari ya ɓaci tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. Cikin watan Fabrairu 1804 suka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu. Cikin Yuni suka ci nasara a Tabkin Kwatto. Amma nasarar yaƙi ba ta cika ciki. Mutanen nan sun bar gonakinsu, damina ta wuce ba su yi noman kirki ba, ga mata ga yara ga tsofaffi. A ƙarshen shekarar kuma aka yi musu ɓarna a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, inda aka ce wajen mutum 2,000 sun yi shahada, 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani ne. Yunwa da cuta suka taru a kansu.

To, wanda ya rasa ina zai nufa in ba wurin masoyinsa ba? A farkon 1805 jama'a ta taso ta sauka a Sabon Gari cikin ƙasar Zamfara. Abarshi shi ne Sarkin Zamfara, ga tsohuwar sanayya, ga shi kuma Gobir abokiyar gābarsu ce su duka biyu. Zamfarawa suka karɓe su. Daga nan ne Malam Abdullahi ya fita da runduna, hanyarsu ta bi ta Gummi, aka yi sulhu da sarkinta, suka wuce suka ci Birnin Kabi cikin watan Afirilu.

Amma a duba lokacin da baƙin nan suka iso. Rani ne, ana fuskantar bazara. Manomi ya riga ya ƙiyasta dammansa na gero da dawa, ya san abin da zai kai iyalinsa kaka, da abin da zai ajiye na iri. Baƙo ɗaya ko goma ba su rushe wannan lissafi. Dubban mutane da dawakinsu kuwa, wata da watanni, sun fi ƙarfin ko wane rumbu. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma wannan raɓa ba ta da ranar tashi.

Da abin da a ke bayarwa da daɗin rai ya kāsa, sai waɗansu daga cikin mayaƙa suka shiga ɗiba da ƙarfi. Ba da umurnin Shehu ba ne, gama shi mai hani ne ga cin dukiyar talakawa, shi ne ma ya roƙa musu sauƙin haraji a Magami. Sai dai mai jin yunwa da mashi a hannu ba ya jiran izini. Muhammadu Bello da kansa, cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, bai ɓoye ba cewa zaluncin waɗansu mutanensu na cikin abin da ya juyar da zukatan Zamfarawa. A tsakiyar shekarar jama'a ta tashi ta koma Gwandu. Kafin shekara ta fita, garuruwan Zamfara da yawa sun koma gefen abokan gāba, aka kuma yi wa jama'a mummunar ɓarna a Alwasa. Sai da aka yi ta yaƙi cikin ƙasar da dā aka shigo ta da sallama. Abotar da aka yi shekaru ana ginawa, watanni kaɗan suka cinye ta.

Abin lura a nan shi ne, ba a rasa gaskiya a ko wane gefe ba. Masu nema suna da bukata ta haƙiƙa. Masu bayarwa ba su ƙi ba tun farko. Abin da aka rasa shi ne iyaka: ba wanda ya san nawa za a nema, ko yaushe za a daina. Aboki kuwa ba ya iya cewa a'a yadda bare zai ce. Kunya kan sa shi ya ba da abin da ya fi ƙarfinsa, ya haɗiye ɓacin rai, ran da abin ya fito sai ya fito da gāba. Don haka ne a ke cewa in abokinka zuma ne kada ka lashe shi duka.

Akwai kuma wata iyaka da ƙasar nan ta gani bayan shekara 200. Cikin 2010 aka gane gubar dalma, wadda ke fitowa daga dutsen zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje, tana kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kamar su Dareta da Bagega da 'Yargalma. Yara wajen 400 suka mutu. A nan ba wanda zai roƙi maƙwabcinsa, don maƙwabcin ma yana makoki. Magani ya zo ta hannun ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda mafi yawan kuɗinta daga mutane ɗai ɗai ne na ƙasashe masu nisa, ko wanne ya ba da kaɗan, ba wanda ya ji nauyi. Aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa a Bagega kuwa sai da Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗi cikin 2013 sa'an nan aka yi shi. Watau akwai kayan da kan dangi ba ya ɗauka, sai an raba shi ga kawuna da yawa.

Saboda haka wanda jama'a suka ɗora wa aikin tara gudummawa, ya kamata ya riƙe abu huɗu. Ya faɗi adadin da a ke nema da ranar da za a rufe. Ya duba lokaci, gama roƙon kaka daban ne da roƙon bazara. Ya bar wa mutum ƙofar da zai ce ba hali ba tare da ya ji kunya ba, gobe kuma ya gaishe shi kamar jiya. Sa'an nan ya rubuta ko wane kwabo da sunan mai shi, ya karanta a gaban jama'a, tun da Allah ya sa yanzu karatu da rubutu sun samu. Mai yin haka zai gama masallaci, ya kuma sami waɗanda za su yi sahu da shi a ciki suna masu murna da ganinsa.